Niyya da Sakaci: Abin da Toma Akwinas Ya Bar wa Likita da Soja

A shekarar 1956 Jami'ar Oxford da ke Ingila ta yanke shawarar ba tsohon shugaban Amurka, Harry Truman, digirin girmamawa. Da aka kawo maganar gaban majalisar malamai, sai wata malamar falsafa, 'yar ɗarikar Katolika mai suna Elizabeth Anscombe, ta miƙe ta ce ba da yawunta ba. Ita ba mai ƙin yaƙi ɗungurungum ba ce, ta yarda ƙasa ta ɗauki makami ta kare kanta. Abin da ta kafe a kai shi ne, wanda ya sa hannu aka jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945 ya zaɓi kashe mata da yara da tsofaffi ne domin mutuwarsu ta tilasta wa Japan miƙa wuya, wannan kuwa kisan kai ne, komai yawan rayukan da aka ce an ceta da shi. Waɗanda suka mara mata baya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, Truman kuma ya karɓi digirinsa. Sai dai hujjar da ta kafa a ranar gado ce daga wani malamin coci da ya rasu kusan shekara 700 kafin nan, kuma har yau da ita ake fafatawa a asibitoci da kotuna da makarantun horar da hafsoshin soja.

Malamin shi ne Toma Akwinas. An haife shi wajajen 1225 a Roccasecca da ke kudancin Italiya, a gidan masu sarauta. Danginsa sun so ya zama shugaban babban gidan ibada na Monte Cassino, shi kuwa sai ya shiga ƙungiyar Dominikan, masu wa'azin da suka zaɓi talauci suna rayuwa da sadaka. 'Yan'uwansa suka tare shi a hanya suka kulle shi a gida kusan shekara guda, bai sauya ba. Ya yi karatu a hannun Albert Babba a Paris da Cologne, ya koyar a Paris da Roma da Naples, ya rasu a 1274 bai cika shekara 50 ba. Babban littafinsa, Summa Theologiae, mai ɗauke da tambayoyi 512, bai ma ƙarasa shi ba, ya ajiye alƙalami a watan Disambar 1273.

Mai karatu Bahaushe yana da dalilin sanin wannan mutum ko da ba Kirista ba ne, domin babban kaso na falsafar da ya yi gini a kanta ta bi ta hannun malaman Musulunci kafin ta iso masa. A ƙarni na 12, a birnin Toledo wanda ya daɗe a hannun Musulmin Andalus kafin Kiristoci su karɓe shi a 1085, masu fassara irin su Gerard na Cremona da Dominicus Gundissalinus sun juya littattafan Aristotal da Farabi da Ibn Sina da Imam Gazali daga Larabci zuwa Latin. Daga baya Michael Scot ya fassara sharhohin Ibn Rushd. A rubutun Akwinas in ya ce "Masanin Falsafa" Aristotal yake nufi, in ya ce "Mai Sharhi" Ibn Rushd ke nan. Ya ɗauka daga gare su, ya kuma yi musu raddi, har ya rubuta littafi guda a 1270 kan mabiyan Ibn Rushd da ke Paris. Tsarin rubutunsa ma ɗalibin zaure ba zai ji shi baƙo ba, irin na "idan an ce kaza, sai mu ce kaza" ne. Yakan buɗe mas'ala da hujjojin abokan hamayya, ya kawo su da ƙarfinsu ba tare da ya rage musu komai ba, sannan ya faɗi matsayinsa, sannan ya koma ya amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ba a karɓe shi nan take ba. Shekara uku bayan rasuwarsa bishop ɗin Paris ya haramta koyar da ra'ayoyi 219, wasunsu sun taɓa nasa. A 1323 aka ayyana shi waliyyi, a 1879 kuma Fafaroma Leo na 13 ya umarci makarantun Katolika su koma kan karatunsa. Abin da ya sa ya fita daga harabar coci ya shiga bakin duniya shi ne matsayinsa cewa hankalin ɗan Adam, ko bai san wani littafi saukakke ba, yana iya gane tushen alheri da sharri: a kare rai, a yi renon 'ya'ya, a nemi gaskiya, a zauna lafiya da mutane. Dokar da sarki ya kafa in ta saɓa wa wannan, ta rasa haƙƙin a yi mata biyayya. Martin Luther King, wanda fasto ne na Baptis, da sunan Akwinas ya kafa hujja a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, lokacin da ake tambayarsa dalilin da ya sa yake karya dokokin wariyar launin fata.

Kafin a yi nisa, akwai kayan da dole a sauke a hanya. Akwinas ya yarda hukuma ta kashe wanda ya dage kan bidi'a bayan an yi masa gargaɗi, alhali taron Vatican na Biyu ya tabbatar da 'yancin addini a 1965. Ya bi Aristotal wajen cewa mace ba ta kai namiji ƙarfin hankali ba, maganar da ba ta da tushe. Saninsa na yadda ɗa ke samuwa a ciki na zamaninsa ne, domin sai a 1827 aka gano ƙwan da ke jikin dabbobi masu shayarwa. Ya halatta hukuncin kisa, Fafaroma Francis kuma ya sauya koyarwar coci a 2018 ya ce ba a yarda da shi ba. Ya haramta kuɗin ruwa komai ƙanƙantarsa, cocin yau ba ya hana mabiyansa hulɗa da banki. Saboda haka duk wanda ya buɗe Summa yana neman fatawa shiryayya kan dashen ƙoda ko jirgi mara matuƙi ya ɓata lokacinsa. Abin da ya rage da rai a littafin shi ne yadda yake kwance aikin mutum ya duba: me aka aikata, don me, a wane hali, kuma da wane irin kula. A ganina wuri ɗaya ya isa a gwada ƙarfin wannan hanya da rauninta, wato tambaya ta 64 a kashi na biyu na ɓangare na biyu, inda ya yi magana kan kisa.

A fasali na 7 na wannan tambaya ya ɗauki mutumin da aka kawo wa hari, ya kare kansa, maharin ya mutu. Ya yi bayanin cewa aiki ɗaya yana iya haifar da sakamako biyu, ɗaya shi aka nufa, ɗayan yana wajen niyya. Mai gidan da ɗan fashi ya shigo masa da adda ya nufi tsira da ransa ne, mutuwar ɗan fashin ta biyo baya. Amma nan take ya sa sharaɗi: in ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce abin da tsiran ke buƙata, aikin ya zama haramun. Malaman da suka zo bayansa, irin su Jean-Pierre Gury a ƙarni na 19 da Joseph Mangan a 1949, su suka tsara wannan ya zama abin da ake kira ƙa'idar sakamako biyu. Aikin kansa kada ya zama mummuna. Alherin ake nufi, ɓarnar hango ta kawai aka yi ba a so ta ba. Dalilin ya kai nauyin ɓarnar. Sai kuma sharaɗin da ya fi kowanne cizo, kada ɓarnar ta zama ita ce hanyar da za a bi a kai ga alherin. A nan Anscombe ta kama Truman. Da a ce mutanen Hiroshima sun tashi lafiya bayan bam ɗin, da shirin ya lalace, domin tsoron da ake son jefawa a zukatan shugabannin Japan daga gawarwakin nan zai fito.

Wurin da ƙa'idar ta fi yin amfani a fili shi ne gefen gadon mai ciwon ajali. A ɗauki dattijon da ciwon daji ya ci ƙashin bayansa, ba ya barci ba ya bari a yi, 'ya'yansa na zaune kan tabarma a barandar asibiti suna jin nishinsa. Likita ya san mofin zai kwantar da raɗaɗin, ya kuma san maganin in ya yi yawa yana danne numfashi. Ya fara da kaɗan, ya rubuta a fayil, ya dawo bayan 'yan awoyi ya ƙirga numfashi, ya tambayi mara lafiyan ko zafin ya ragu, ya ƙara gwargwadon buƙata, ya tsaya a inda nishin ya tsaya. Wani likitan kuma ya zuƙo ninki goma a sirinji lokaci guda ya tura. Mai yiwuwa dattijon ya cika a daren a hannun kowannensu, amma ba abu ɗaya suka yi ba. In gari ya waye an tarar da shi yana shan kunu ba ya jin zafi, likita na farko ya samu abin da yake nema, na biyu kuwa aikinsa bai yi ba. Fafaroma Pius na 12 ya amsa wa likitocin da ke sa barcin tiyata wannan tambaya a watan Fabrairun 1957, ya ce ba laifi a ba da maganin kashe zafi ko da zai iya rage kwana, muddin ba mutuwar ake nema ba. Kotun Ƙolin Amurka ta jingina da irin wannan bambanci a shari'ar Vacco da Quill a 1997, inda ta raba tsakanin kwantar da raɗaɗi da taimaka wa mutum ya kashe kansa.

Likitocin da suka ƙware a kula da masu ciwon ajali sun nuna cewa mofin da aka auna yadda ya kamata da wuya ya gajarta rai. Ke nan a yau babban amfanin ƙa'idar shi ne cire tsoro daga zuciyar likita da nas da dangi, waɗanda sau da yawa sukan bar mutum yana murƙususu don kada a ce su suka ƙarasa shi. A ƙasashenmu ma samun maganin shi ne wahala. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a Najeriya a matsayin sista, ita ta kafa Hospice Africa a Uganda a 1993 ta shigo da mofin na sha mai araha. Sai dai a shekarar da Pius ya yi maganarsa, a 1957 ɗin nan, an gurfanar da wani likita a Landan, John Bodkin Adams, bisa zargin kashe wata tsohuwa da allurai. Alƙali Devlin ya gaya wa masu taya shi hukunci cewa likita yana da damar kwantar da zafi ko da hakan ya rage kwana, kuma an wanke Adams. Amma an samu sunansa a wasiyyar marasa lafiyarsa fiye da 100, har yau kuma ana tababa a kansa. Ƙofar da aka buɗe wa mai tausayi, mugu ma ya gan ta.

A ɗakin haihuwa ne ƙa'idar take gamuwa da tsaka mai wuya, kuma a nan ban gamsu da yadda wasu ke aiki da ita ba. Idan ciki ya zauna a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, ɗan ba zai rayu ba, bututun kuma yana iya fashewa jini ya kashe uwar. A 1933 wani fada Ba'amurke, Lincoln Bouscaren, ya kafa hujjar cewa ana iya yanke bututun duka a cire, domin gaɓa ce mai ciwo, mutuwar ɗan tayin kuma ta biyo baya ne. Asibitocin Katolika suka karɓi wannan. Amma da aka samu maganin methotrexate da ke tsayar da cikin ba tare da wuƙa ba, da kuma tiyatar da ake tsaga bututun a cire abin da ke ciki a bar shi, sai malaman suka rabu, wasu suka ce wannan kai tsaye ne ga ɗan tayin, bai halatta ba. Ɗan da ba zai rayu ba ta kowace hanya bai ƙaru da komai ba, matar kuwa ta rasa gaɓa guda da wani kaso na damar sake haihuwa, don kawai a samu yadda za a siffanta aikin.

Abin ya fito fili a birnin Phoenix na Amurka a watan Nuwamban 2009. Wata mata mai shekara 27, uwar 'ya'ya huɗu, tana da cikin mako 11, hawan jinin huhu ya kai ta bakin kabari a asibitin St. Joseph. Likitoci suka ce in cikin ya ci gaba da ita da ɗan duk za su mutu. Kwamitin ɗa'a na asibitin, wanda Sista Margaret McBride ke ciki, ya amince a cire cikin, matar ta rayu. Bishop Thomas Olmsted ya ce sistar ta fitar da kanta daga tarayyar coci, a watan Disambar 2010 kuma ya janye wa asibitin sunan Katolika. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu duk daga gidan Akwinas suke. Bishop ya tsaya kan cewa ba a kashe mara laifi don ceton wani. Masu kare asibitin, suna dogaro da rubuce-rubucen masana irin su Martin Rhonheimer da Germain Grisez, suka ce inda babu wata hanyar da ɗan zai rayu, abin da likita ya zaɓa shi ne ceton ran da ake iya ceta, ba a fifita wani rai kan wani ba. Ni ina tare da na biyun. Akwinas da kansa ya sa hikimar sanin abin da ya dace a takamaiman hali a gaban sauran kyawawan halaye na zaman duniya, kuma ƙa'idar da za ta ƙare da gawa biyu inda ake iya tsira da rai guda ta manta dalilin da ya sa aka kafa ta.

Sukar da ta fi tsufa ta ɗaya gefen ta zo. A 1656 Blaise Pascal na Faransa ya caccaki malaman cocin da ke koya wa mutane dabarar karkatar da niyya: mutum ya ɗauki takobi ya tafi filin da aka yi alkawarin gwabzawa, ya ce a ransa shan iska ya fito, in an taɓa shi kuma kare kansa ya yi. In haka niyya take, to ai babu laifin da ba za a wanke ba. Anscombe ta yi fama da wannan a littafinta kan niyya na 1957. Ta nuna cewa niyya ba zancen zuci ba ce da mutum zai raɗa wa kansa kafin ya aikata, a jikin aikin take, kuma ana gano ta ne in an bi mutum da tambayar "don me?" mataki bayan mataki. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a nan kuwa fayil ɗin likita da taswirar matuƙin jirgi su ne fuskar. Abokiyarta Philippa Foot, wadda ba ta bin addini, ita ta kawo misalin nan da ya cika azuzuwan falsafa tun 1967, na direban tarago da birki ya ƙwace masa, mutum biyar a kan layi ɗaya, mutum ɗaya a kan ɗayan. Mutane da yawa da suka san misalin ba su san cewa a cikin maƙala kan zubar da ciki da ƙa'idar sakamako biyu ya fara fitowa ba.

A fagen yaƙi kuwa, tun ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu wani fada Ba'amurke, John Ford, ya rubuta a 1944 cewa ruwan bama-bamai da ƙasarsa da Birtaniya ke yi wa biranen Jamus ba ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar. A Hamburg kaɗai kusan mutum 40,000 aka kashe a watan Yulin 1943. Wanda ya ƙone unguwa ƙurmus ba zai ce masana'antar da ke gefenta kawai ya nufa ba. Faɗin haka a lokacin da ƙasarka ke yaƙi da Hitler ba ƙaramar jarumta ba ce. A 1977 Michael Walzer, masani Bayahude, ya ƙara wa ƙa'idar abin da nake ganin ya cike giɓinta: bai isa soja ya ce bai nufi farar hula ba, dole ya nufi kare su, ya kuma yarda ya ɗauki wani kaso na haɗari a kansa domin ya rage nasu. A wannan shekarar aka ƙulla Ƙari na Farko ga Yarjejeniyoyin Geneva, wanda sashe na 51 nasa ya hana harin da ɓarnarsa ga farar hula ta zarce amfanin soja da ake sa rai, sashe na 57 kuma ya wajabta a yi duk abin da zai yiwu a tabbatar da abin da za a kai wa hari kafin a harba. Malaman Musulunci ma sun daɗe da mas'alar. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna halin da abokan gaba suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, bai kuma buɗe ƙofar ba sai inda larurar ta tabbata kuma ta shafi al'umma gaba ɗaya.

To amma masu fakewa da fasali na 7 sukan rufe littafin da wuri, domin fasali na 8 yana nan biye da shi, kuma shi ya fi shafarmu. Tambayarsa ita ce, wanda ya kashe mutum bisa tsautsayi yana da laifi? Akwinas ya ɗauko labarin Lamek na Littafin Farawa, wanda malaman zamaninsa suka fassara da cewa ya harbi mutum ne yana zaton naman daji ne. Hukuncinsa shi ne Lamek bai fita ba, domin bai yi taka-tsantsan da ya kamata ba. Abin da mutum bai nufa ba yana iya hawa kansa ta hanya biyu: in aikin da yake yi tun farko haramtacce ne, ko kuma in halattacce ne amma bai ba shi kulawar da ta wajaba ba. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san makamancin wannan. Kisan kuskure babu ƙisasi a kansa, amma akwai diyya akwai kaffara. Kowace al'ada da hanyar da ta biyo, sun dai haɗu a kan cewa jinin mutum ba ya tafiya a banza don an ce ba da gangan ba ne.

Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bama-bamai kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala Balge ta jihar Borno. Mutane fiye da 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Binciken da sojoji suka yi ya ce ba a sa alamar wurin a taswirar aiki yadda ya kamata ba. Daren 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya harbi masu taron Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, mafi yawansu mata da yara, waɗanda suka tsira kuma sun ce bam na biyu ya sauka ne kan mutanen da suka fito kwasar na farko. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya nemi gafara. Ba na shakkar cewa sojojin nan ba 'yan Maulidi suka fita nema ba. Suna yaƙi ne da mutanen da ke yanka manoma suna sace ɗalibai, kuma su ma ana kashe su kullum. A ma'aunin Akwinas yaƙin yana da hukuma a bayansa, yana da dalili na adalci, kuma wanda ya latsa maɓallin ba mai kisan ganganci ba ne. Sai dai waɗannan hare-hare ba su ma shiga babin sakamako biyu ba, domin babu wani sansanin 'yan bindiga da aka buga har ɓarna ta fantsama gefe. Babin Lamek ne, an ga taron mutane daga sama an zaci abin farauta ne.

Don haka tambayoyin da suka dace su ne na fasali na 8. Minti nawa aka yi ana kallon taron kafin a harba? Wa ya tuntuɓi dagaci ko jami'in tsaron da ke ƙasa ya ji ko akwai wani buki a ƙauyen a daren? Wa ke da alhakin sabunta taswira, kuma me aka gyara tsakanin 2017 da 2023? Wa ya ba da izinin bam na biyu? Limamai da fastoci da fada-fada da ke zuwa ta'aziyya, da 'yan majalisar da ke amincewa da kasafin sayen waɗannan jirage, su ne ke da bakin yin waɗannan tambayoyi a ji su. Su nemi a buga cikakken rahoton kowane bincike ga jama'a, a faɗi hukuncin da aka yi wa wanda sakacinsa ya tabbata, a kuma biya diyyar kowane rai ga magadansa, da suna da adadi.